Nazarin Lamari: Shekara 34 Ana Biyan Kuɗin Neman Gadon Shan Giya a Jini

## Asalin matsalar, kafin 1989

Shan giya yana bin gida. Likitocin Amurka da Turai sun daɗe suna ganin haka a asibitocinsu: kaka mashayi, uba mashayi, sai a wayi gari ɗaya cikin 'ya'ya ya ɗauko hanyar. Abin da ya hana a yanke hukunci shi ne, yaron da ya tashi a irin wannan gida abubuwa da yawa yake gada lokaci guda. Akwai jini, akwai kwalaben da yake gani a ɗaki, akwai abokan uban, akwai rigimar dare da talaucin da shan ya jawo. Wanne ne a cikinsu ya ja shi?

Da yaran riƙo aka fara raba su. A 1973 Donald Goodwin da abokan aikinsa suka bi diddigin wasu maza a Denmak, waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai, wasu mutane dabam suka rene su. Waɗanda mahaifansu na jini mashaya ne sun fi sauran faɗawa shaye-shaye kusan ninki huɗu, alhali ba a gaban mahaifan suka tashi ba. A 1981 binciken Robert Cloninger a Suwidin ya zo da makamancin haka. Nazarin tagwaye kuwa, da aka tara shi shekara da shekaru, ya tsaya a kan cewa kimanin rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da jarabar giya daga gado yake. Wannan rabin lissafin al'umma ne baki ɗaya. Ba ya nufin rabin 'ya'yan mashayi za su sha.

To an yarda akwai gado. Saura a nuna inda yake a cikin DNA, kuma nan ne matsalar kuɗi ta shigo. Hukumar da wannan aiki ya rataya a wuyanta a Amurka ita ce cibiyar binciken illolin barasa ta ƙasa, NIAAA, wadda aka kafa a 1970. Ƙaramar cibiya ce. Ko a 'yan shekarun nan kasafinta bai wuce kusan dala miliyan 600 ba, ɗan sama da kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake ba uwar hukumar binciken lafiya, NIH. Yadda aka saba raba tallafi kuwa shi ne a ba farfesa guda da ɗakin gwajinsa kuɗin shekara uku zuwa biyar, ya tara 'yan mutanen da ya iya tarawa, ya wallafa abin da ya gani. Kowa da ma'auninsa na wane ne mashayi. Wanda aka ƙirga mashayi a wannan jami'a, a waccan sai a sa shi cikin masu lafiya, don haka ko an so a haɗa sakamakon ba ya haɗuwa.

Zamanin kuma na zumuɗi ne. A 1983 an gano yankin DNA da ke ɗauke da cutar Huntington ta hanyar bin manyan zuri'o'i, a 1989 aka gano ƙwayar gadon cutar cystic fibrosis. Amma akwai gargaɗi a gefe: a 1987 an sanar da gano yankin wata cutar taɓin hankali a cikin al'ummar Amish ta Amurka, amma a 1989 magana ta rushe da aka ƙara yawan mutanen da aka duba.

## 1989: yadda aka tsara shirin da kuɗinsa

A 1989, lokacin Enoch Gordis yana shugabantar NIAAA, cibiyar ta bar hanyar da aka saba. Ta tara kuɗi a shiri guda mai suna COGA, wato binciken haɗin gwiwa kan gadon shaye-shayen giya. Henri Begleiter na jami'ar jihar Niyok da ke Brooklyn shi ya jagoranta, tare da Theodore Reich na Jami'ar Washington da ke St. Louis. Wurare shida aka ware don tara iyalai: Brooklyn, St. Louis, Connecticut, Indiana, Iowa da San Diego. Daga baya Jami'ar Howard da ke birnin Washinton ta shigo, don a ƙara yawan iyalan baƙaƙen fata.

Tallafin irin wanda ake kira yarjejeniyar haɗin gwiwa ne. Jami'an NIAAA suna zama da masu binciken ana tsara aiki tare, kuma duk bayan shekara biyar shirin sai ya koma gaban kwamitin masana ya kare kansa kafin a sabunta masa kuɗi. Sharaɗin da ya bambanta shi da tallafin da aka saba shi ne daidaito. Tambayoyin da za a yi wa mutum a San Diego su ne za a yi wa na Connecticut, kalma da kalma. Na'urorin auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa za a saita su iri ɗaya. Jinin da aka ɗiba kuma ba na farfesan da ya ɗiba ba ne, ma'ajiya guda zai tafi.

Manufar da aka rubuta a fili take: a gano ƙwayoyin gadon da ke ƙara wa mutum haɗarin zama mashayi, ko suke rage masa.

## 1990: labarin da ya riga shirin fita

Shirin bai gama ɗaura ɗamara ba wasu suka ce sun riga sun gano. A watan Afrilun 1990 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken Kenneth Blum da Ernest Noble. Sun duba ƙwaƙwalen mamata 70, mashaya 35 da waɗanda ba mashaya ba 35, suka ce wani nau'in ƙwayar gado mai suna DRD2, wadda ke da alaƙa da sinadarin dofamin na jin daɗi a ƙwaƙwalwa, ya bayyana a kashi 69 cikin ɗari na mashayan, da kashi 20 kacal na sauran. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta shelar an gano tushen shaye-shaye.

A watan Disamba na wannan shekarar, masu bincike na NIAAA kanta suka gwada a wasu mutane, ba su ga komai ba. Shekaru aka kwashe ana kai ruwa rana, wannan ya ce ya gani, wancan ya ce bai gani ba. Ɗaya daga cikin dalilan ruɗanin shi ne yawan wannan nau'in ya bambanta daga wata ƙabila zuwa wata. Idan mashayan da aka tara da waɗanda aka kwatanta su da su ba asalinsu ɗaya ba, sai bambancin asali ya fito kamar bambancin shan giya. A 1998 COGA ta gwada maganar a cikin iyalai, inda ɗan'uwa ake kwatantawa da ɗan'uwa, kuma ba ta sami alaƙa ba. A 2004 ma aka gano alamar da aka yi ta gardama a kanta a cikin maƙwabciyar ƙwayar gado take zaune, ANKK1.

## 1990 zuwa 1997: tara iyalai

Waɗannan su ne shekarun da kuɗi ke fita babu abin nunawa a jarida. Albashin masu yin tambayoyi, horar da su, kiran waya, zirga-zirga, firjin ajiyar jini.

Ga yadda iyali ke shiga. Ana farawa da mutum guda da ke karɓar magani a cibiyar kula da mashaya. Ma'aikaci ya zauna da shi, ya nemi yardarsa, sannan ya roƙi izinin tuntuɓar iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa. Kowane ɗaya sai an same shi daban, an yi masa bayani, ya sa hannu da kansa. Duk wanda ya san yadda shaye-shaye ke raba zumunci ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne: akwai ƙanwar da ta yi shekaru ba ta gaisa da yayanta ba, akwai uwar da ba ta son a tona asirin gida. Idan aka sami aƙalla mutum uku na kusa a gidan da suka cika sharaɗin kamuwa, sai a faɗaɗa zuwa baffanni da gwaggonni da jikoki, a ɗebi jini, a yi gwajin ƙwaƙwalwa. An kuma tara iyalai daga cikin gari, waɗanda ba a zaɓa saboda shan giya ba, don kwatantawa.

Tambayoyin suna cikin wani kundi da shirin ya tsara da kansa, SSAGA, wanda aka wallafa gwajin ingancinsa a 1994. Zama ne na sa'o'i. Shekararka nawa ka fara sha? Kofi nawa ka taɓa sha mafi yawa a cikin awa 24? Ka taɓa tashi da safe hannu yana rawa sai ka kurɓa ya lafa? Ka taɓa niyyar dainawa ka kasa? Daga nan a shiga taba, da wiwi, da sauran ƙwayoyi, da ciwon damuwa, da faɗa da gudun makaranta tun ƙuruciya. Kowace alama daban ake rubuta ta, da shekarar da ta fara.

Gwajin ƙwaƙwalwar kuwa, za a sa wa mutum hula mai wayoyi da yawa, a zaunar da shi gaban allo a ɗaki mara hayaniya. Siffofi suna giftawa, a ce ya danna maɓalli duk lokacin da wata takamaimiyar alama da ba ta cika fitowa ba ta bayyana. Kimanin sulusin daƙiƙa bayan fitowarta ƙwaƙwalwa tana yin wani tsalle na lantarki da ake kira P300. Tun 1984 Begleiter ya nuna wannan tsallen ya fi rauni a 'ya'yan mashaya maza waɗanda ba su taɓa kai giya baki ba. Fatan shi ne irin wannan ma'auni ya fi kusa da ƙwayar gado fiye da sunan "mashayi", wanda al'ada da hali da dama duk suke da hannu a cikinsa.

Jinin ma ba ajiye shi kawai aka yi ba. An sarrafa fararen ƙwayoyinsa yadda za su ci gaba da hayayyafa a ɗakin gwaji, don kada DNA ɗin mutum ya ƙare ko bayan ransa. Ma'ajiyar ta zauna a Jami'ar Rutgers.

## 1998 zuwa 2004: taswirar farko

Sakamakon farko ya fito a 1998, shekara tara da fara biyan kuɗi. An duba mutum 987 daga iyalai 105, da alamomi ƙasa da 300 da aka warwatsa a kan kuromosom ɗin ɗan'adam, wato ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, kowane da lambarsa. Dabarar ita ce a ga wane yanki ne 'yan'uwa mashaya suka fi gada tare. Alamu suka nuna kuromosom na 1 da na 7, da na 2 a raunane, da kuma wani yanki a na 4 da ke kamar yana ba da kariya. Irin wannan dabara unguwa take nunawa, ba ta nuna gida, kuma kowace unguwa a nan tana da ɗaruruwan gidaje.

A 2000 aka maimaita da sababbin iyalai 157. Alama mafi ƙarfi ta fito a kuromosom na 3, wanda bai ce uffan ba a zagayen farko. Alamun na 1 da na 7 suna nan idan an haɗa rukunin biyu, amma babu wanda ya kai ƙarfin da za a ce an gama magana.

Tun kafin nan lissafi ya riga ya nuna inda gizo ke saƙar. A 1996 Neil Risch da Kathleen Merikangas sun nuna a mujallar Science cewa dabarar bin zuri'a tana aiki ne idan ƙwayar gado guda tana da babban tasiri. Idan tasirin kowace ƙanƙane ne, iyalan da ake buƙata sun fi ƙarfin kowane shiri. Mafita ita ce a kwatanta dubban marasa lafiya da dubban masu lafiya a dubban ɗaruruwan wurare cikin DNA, abin da a lokacin babu na'urar yin sa a farashin da za a iya biya.

Kuɗi dai akwai a shekarun. Majalisar Amurka ta ninka kasafin NIH tsakanin 1998 da 2003, daga kusan dala biliyan 13 da rabi zuwa kusan biliyan 27. Shirin ya bi unguwannin da taswira ta nuna yana ƙwanƙwasa ƙofofin da ya fi zato. A 2002 ƙungiyar Bernice Porjesz ta danganta wani salon motsin lantarkin ƙwaƙwalwa da wani yanki a kuromosom na 4, a 2004 kuma Howard Edenberg da abokansa suka nuna ƙwayar GABRA2 da ke wannan yanki. A shekarar aka ambaci CHRM2 a kuromosom na 7. Wasu masu bincike sun sake ganin GABRA2 a nasu mutanen, wasu ba su gani ba.

Wani abu da shirin ya yi a wannan lokaci bai ja hankalin jama'a ba. Ya miƙa bayanansa, an cire sunaye, ga taron masu lissafin gado na 1998 da na 2004, inda ƙungiyoyi daga jami'o'i da dama suka gwada dabarunsu a kai.

## 2004 zuwa 2013: kuɗi ya tsaya, hanya ta sauya

Reich ya rasu a 2003, Begleiter a 2006. Kasafin NIH ya daina hawa, hauhawar farashi tana cin darajarsa. A 2013 dokar tsuke bakin aljihu ta zabge masa kusan kashi 5 cikin ɗari, dala biliyan ɗaya da rabi. Wajen shekarar 2000 kusan kashi 30 cikin ɗari na masu neman tallafi suna samu, a 2013 ya koma ƙasa da kashi 17. NIAAA kanta ta shiga rashin tabbas: a 2010 wani kwamiti ya ba da shawarar a haɗe ta da cibiyar binciken miyagun ƙwayoyi, NIDA, sai a Nuwamban 2012 shugaban NIH Francis Collins ya jingine maganar. Duk da haka an ci gaba da sabunta tallafin shirin, NIDA ma tana sa hannu.

Shirin ya yi abu biyu. Na farko, a 2004 ya fara bin matasan iyalan, 'yan shekara 12 zuwa 22, ana sake zama da su duk bayan shekara biyu. Sun haura 3,000. Dā ana tambayar babba abin da ya tuna, yanzu ana ganin yaro kafin ya fara sha da bayan ya fara.

Na biyu, ya rungumi sabuwar dabarar da Risch da Merikangas suka hango, wadda ake taƙaita sunanta GWAS. An kammala karanta DNA ɗin ɗan'adam a 2003, taswirar HapMap, mai nuna inda DNA ɗin mutane ya bambanta, ta fito a 2005, farashin na'urori ya faɗi. Aka fito da jinin da aka ɗiba tun shekarun 1990, aka karanta wurare kusan miliyan guda a kowane mutum. Da yake gwaji miliyan ake yi lokaci ɗaya, dole wasu su fito bisa dace, don haka ma'aunin yarda ya yi tsauri ƙwarai: sai yiwuwar dacen ta gaza 5 cikin miliyan 100.

A 2010 sakamako ya fito, daga mutanen shirin ƙasa da 2,000. Babu wuri ko ɗaya da ya tsallake ma'aunin. A shekarar aka haɗa mutanen shirin da na wasu bincike biyu, ɗaya kan taba ɗaya kan hodar iblis, ƙarƙashin jagorancin Laura Bierut: mashaya 1,897 da waɗanda ba mashaya ba 1,932. Nan ma babu. Shekara 21 ke nan da fara zuba kuɗi.

Ƙwayar gadon da ta tsallake ma'aunin a cikin Turawa da baƙaƙen fata, a 2012, ita ce ADH1B, kuma tsohuwar sani ce. Hanta tana sarrafa giya a mataki biyu. Da farko ta mayar da ita asitaldehaid, wani sinadari mai guba, sannan ta rushe gubar. Wani nau'in ADH1B yana gaggauta mataki na farko, gubar ta taru da sauri. Wani nau'in ALDH2 kuma yana toshe mataki na biyu, mutum ya sha kaɗan fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, amai ya taso. Mai irin wannan jiki da wuya ya zama mashayi. An san wannan a mutanen Sin da Japan da Koriya tun kafin a kafa shirin, kuma yankin ADH1B ne taswirar 1998 ta hango a kuromosom na 4.

## 2014 zuwa 2023: haɗa jari

Abin da ya sauya lissafi doka ce ta masu ba da kuɗi. Daga Janairun 2008 NIH ta wajabta wa duk wanda ta biya ya yi irin wannan bincike ya ajiye bayanansa a rumbun dbGaP, inda sauran masana za su nemi izini su yi amfani da su. Farfesan da a dā zai rufe bayanansa a ofis har ya yi ritaya, yanzu tallafinsa ya rataya a kan ya buɗe. A 2007 kuma aka kafa gamayyar masu binciken gadon cututtukan ƙwaƙwalwa, PGC, wadda daga baya ta buɗe reshen shaye-shaye, kuma masu binciken wannan shiri suna cikin jagororinsa.

A 2018 reshen ya haɗa bincike 28: masu jarabar giya 14,904 da waɗanda ba su da ita 37,944. ADH1B ta tabbata, kuma da wani ƙarin haske. Sauyin da ke ba da kariya a Turawa dabam, wanda ke ba da ita a mutanen da asalinsu Afirka ne dabam, duk a ƙwayar gado guda. An kuma ga gadon jarabar giya yana da tarayya da na ciwon damuwa, da shan taba, da wiwi. A nan amfanin kundin tambayoyin ya fito. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke auna cuta da shi ya sauya a 1994, ya sake sauyawa a 2013, amma da yake an rubuta kowace alama daban, an iya sake auna tsofaffin amsoshi da sabon ma'auni. Wasu binciken da aka haɗa ma da kundin, ko wani da aka gina a kansa, suka yi nasu tambayoyin.

Manyan lambobi kuwa daga aljihun wasu suka zo. Ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta fara tara jinin masu zuwa asibitocinta a 2011, ta kai mutum miliyan guda a 2023. Birtaniya ta tara mutum 500,000 a rumbun UK Biobank, ta saki bayanin DNA na kusan dukkansu a 2017. Ba don giya aka kafa ko ɗaya ba. Ma'auninsu ma mai sauƙi ne: abin da likita ya rubuta a fayil, da 'yan gajerun tambayoyi kan yawan sha.

A 2019 Henry Kranzler da abokansa suka duba tsofaffin sojoji sama da 274,000, suka sami wurare 18, suka kuma nuna gadon yawan sha da gadon jaraba ba abu ɗaya ba ne duk da suna da tarayya. Cikin wuraren da suka fito a ɓangaren jaraba har da yankin DRD2, shekara 29 bayan hayaniyar 1990, da ɗan ƙaramin tasiri. A 2020 mutum 435,563 suka ba da sauye-sauyen DNA 29. A 2023, da mutum sama da miliyan ɗaya, adadin ya kai 110.

Shirin kansa a lokacin yana da mutum fiye da 17,000 daga iyalai sama da 2,200, wasu an bi su tun daga kaka har jika. Aikinsa ya koma gwada ma'anar abin da manyan rumbuna suka gano: a wane shekaru haɗarin ke fara nunawa, ta wace hanya yake bi, me aure ko rabuwar iyaye ke yi masa. Ƙwayoyin jinin da aka adana kuma ana mayar da wasunsu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ɗakin gwaji, a zuba musu giya a ga yadda suke amsawa.

## Hukunci

Idan da manufar 1989 za a auna, dabarar farko ba ta kai ba. Babu 'yan tsirarun ƙwayoyin gado masu babban tasiri da ke jira a gano su, in ban da na hanta da aka riga aka sani. Gadon a warwatse yake a ɗaruruwa, watakila dubban wurare, kowane da ɗan mitsitsin rabo. Iyalai 105 ba za su taɓa nuna wannan ba, ko 1,000. Ban ga laifin waɗanda suka tsara shirin ba a nan, domin da kayan aikin 1989 babu wata hanyar. Abin da nake zargi shi ne shekarun ƙwanƙwasa ƙofofin zato bayan 1996, a wannan shiri da kuma fannin baki ɗaya, lokacin da lissafi ya riga ya faɗi cewa ƙananan rukunai ba za su ba da amsa mai ɗorewa ba. Tsarin sabunta tallafi duk shekara biyar yana da hannu a ciki. Wanda zai tsaya gaban kwamiti yana buƙatar sunan ƙwayar gado da zai nuna, kuma "muna ci gaba da tarawa" ba ya cika takarda.

Abin da ya yi aiki shi ne ɓangaren kasafin da ba a yi wa shela ba: tambayoyi iri ɗaya, jinin da ba ya ƙarewa, yardar da aka karɓa a rubuce, da komawa ga iyalai shekara bayan shekara. Dalili kuwa, waɗannan ba su dogara da wata dabara ba. Da dabara ta sauya, sai aka ɗauko su kamar jiya aka tara. Da tallafin na farfesa guda ne na shekara huɗu, da firjin ya mutu tare da tallafin. Sai kuma dokar 2008, wadda ba ta ci wani kuɗin kirki ba amma ta ninka darajar duk abin da aka kashe kafin ta. Shi ya sa matakin NIH na Fabrairun 2025, na rage kuɗin kula da gine-gine da kayan aiki zuwa kashi 15 cikin ɗari na tallafi, wanda kotu ta dakatar, ya tayar da hankalin masu irin wannan aiki: wutar lantarki da ɗakunan ajiya daga irin wannan kaso ake biyan su.

Akwai bashin da ba a biya ba, kuma iyalan ne ke bin sa. Magungunan jarabar giya da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su har yanzu uku ne, disulfiram, naltrexone da acamprosate, kuma babu wanda ya fito daga wannan farauta. Na ƙarshensu a 2004 aka amince da shi. Makin haɗari da ake haɗawa daga ɗaruruwan sauye-sauyen yana bayyana kaso kaɗan ne na bambancin da ke tsakanin mutane, bai isa a duba jinin yaro a faɗi makomarsa ba. Tambayar "akwai mashayi a gidanku?" har yau tana gaya wa likita abin da makin bai kai ba. Duk mai neman tallafi a wannan fanni ya kamata ya faɗi haka tun a shafin farko, ga hukuma da kuma ga uwar da ake roƙo ta miƙa hannu a ɗebi jini.

Sai maganar waɗanda ba sa cikin lissafin. A binciken 2023 sama da mutum 900,000 asalinsu Turai ne. Masu asalin Afirka kimanin 122,000 ne, mafi yawansu Amurkawa, kuma an san makin da aka gina da jinin Turawa yana raguwar ƙarfi sosai idan aka gwada shi a 'yan Afirka. A Najeriya, ƙidayar 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma abin da ya fi damun garuruwan Arewa su ne wiwi da tiramol da kodin. Kodin da tiramol duka sai hanta ta sarrafa su da sinadarin CYP2D6 kafin su yi cikakken aiki, kuma ƙarfin wannan sinadari ya bambanta ƙwarai tsakanin al'ummomin Afirka kansu. Sauye-sauye 110 da aka gano kan giya, akasari a jinin Turawa, ba su amsa wannan tambaya ba. Duk hukumar da ta so amsa ta, a Kano ko a Damagaram, kuɗinta na farko zai tafi ne ga kundin tambayoyi da aka gwada ingancinsa da Hausa, da ma'aikatan da iyalai za su yarda su buɗe wa ƙofa, da firjin da wuta ba za ta ɗauke masa ba.